Sunanta a Katin Wani

Ranar kasuwar Nguru ce, cikin kakar 1984, kakar da gero ya ƙone a tsaye, mutane suka koma gida da rumbuna wayam. Sabitu yana duƙe a kan teburinsa a lungun maɗaba'ar Oga Tayo, kusa da tashar jirgin ƙasa, sai ya ji an dire wani ƙunshi a gabansa.

"Sallama na yi har sau biyu, Malam."

Ya ɗago kai. Wata budurwa ce doguwa, baƙa, da mayafi ruwan toka, fuskarta a ɗaure kamar wadda ta zo karɓar haƙƙinta.

"Wa alaikumus salam. Yi haƙuri, ban ji ba."

Ta kwance ƙunshin, ta zaro katin gayyata guda ɗaya ta miƙa masa.

"Ku kuka buga wannan?"

"Mu ne."

"To karanta min layi na biyu."

Ya karanta: "Suna farin cikin gayyatarku daurin auren..."

"Tsaya nan. Daurin? Ina ƙugiyar ɗ ta tafi? Duba ƙasa kuma, an rubuta karfe goma maimakon ƙarfe goma. Ni malama ce a Gashuwa, kullum a kan wannan nake faɗa da 'yan aji uku. Katin auren yayana ne, kuma ni zan raba wa malaman makarantarmu. Da wane ido zan kalle su?"

Sabitu ya sosa ƙeya. Ya jawo wani faffaɗan akwati na katako mai ƙananan gidaje, kowane gida cike da haruffan dalma, ya nuna mata. Ya ce waɗannan haruffa masu kwanciya da jela, waɗanda kowa yake so a katin biki, daga ƙasar Turawa suka zo ta Legas, kuma waɗanda suka ƙera su ba su san akwai ɗ da ƙ da ɓ a duniya ba.

"Wato haka za mu zauna, a yi ta ɓata mana harshe saboda ado?"

"A'a. Zauna, Malama. Kafin motar Gashuwa ta cika zan gyara."

Ya fere alƙalaminsa, ya tsoma a tawada, ya ɗauki kati na farko. Da ɗan motsi kaɗan ya ɗora wa harafin ƙugiya siririya mai lanƙwasa, ta zauna daidai kamar da ita aka ƙera shi. Ta matso da kujera tana kallo. Kati ɗari uku ne. Tun tana miƙo masa a fusace har ta koma tana busa masa tawadar don ta bushe da wuri.

A kati na ƙarshe ya tambayi sunanta.

"Suwaibatu."

Ya ɗauki wani guntun farin kwali, ya rubuta sunan da ruwan zinari, jelar harafin farko ta zagayo ta rungume sauran. Ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta sa shi cikin jakarta.

"Wannan dai babu kuskure," ta ce a hankali, ta fita.

Sabitu maraya ne. Iyayensa mutanen Haɗeja ne da suka zo Nguru zamanin gyaɗa, suka rasu yana ɗan shekara goma sha biyu. A makarantar allo ya fara gane hannunsa ya fi na sauran kyau, a firamare ya ɗauki boko, daga baya Oga Tayo, Bayarben da ya shekara ashirin a garin, ya ɗauke shi aiki. Inji ke buga rubutun kati, amma sunan ango da amarya Sabitu ke zanawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Har daga Kumagannam ake zuwa neman hannunsa. Ya rubuta sunayen amare sun fi a ƙirga, babu wanda ya taɓa bin sa gida sai wannan.

Bayan sati biyu ya kasa daurewa. Ya samu Dunoma, direban babbar motar da ke jigila tsakanin Nguru da Gashuwa, ya ba shi wasiƙa.

"Zuwa ga Malama Suwaibatu,
Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fata biki ya tashi lafiya. Na duba wasiƙar nan sau uku, ban bar ƙugiya ko ɗaya ba. Idan kin samu kuskure ki zo da kanki ki nuna min, don ni ba na gane gyara sai baki da baki.
Ɗalibinki, Sabitu."

Kwana huɗu amsa ta zo, a takardar da aka yago daga littafin makaranta.

"Ɗalibina,
Na duba ban samu kuskure ba, abin ya ba ni haushi. Na ba ka tara bisa goma. Ɗayan na riƙe saboda ka cika yi wa harafin S ado, kamar wanda ba shi da aikin yi.
Malamarka."

Ya mayar mata: "Malamata, da shi sunanki ya fara, da shi nawa ya fara. Idan ban yi masa ado ba, wa zan yi wa?"

Haka suka yi kusan shekara guda. Dunoma yakan shigo maɗaba'a yana dariya, ya yi gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, wushe, ango! Yau ma buhunka ya fi na tattasai nauyi." Takan ba shi labarin ɗalibanta da suka daina zuwa makaranta saboda yunwa ta kori iyayensu kudu. Shi kuma ya gaya mata yadda bukukuwa suka ragu, har wani yini inji ba ya motsi. Wasiƙunsu ba su cika dariya ba, amma kowa ya san akwai wanda ke sauraronsa a ɗaya ƙarshen hanyar.

Da damina ta kama a 1985, Sabitu ya sa fararen kayansa ya tafi Gashuwa gaida mahaifinta.

Alhaji Rabe babban ɗan kasuwar tattasai ne, asalin mahaifinsa Kano. A zaure ya karɓe shi, tsakanin buhuna, ƙaurin yaji yana shaƙe maƙogwaro. Bayan gaisuwa ya dube shi sama da ƙasa.

"Mece ce sana'arka, yaro?"

"Rubutu, Alhaji."

"Alƙur'ani kake rubutawa?"

"A'a, katin biki, da allunan shaguna."

"Wato takardar da za a karanta yau, gobe a ƙunshe ƙosai da ita."

Sabitu ya sunkuyar da kai.

"Gona fa? Shago? Ko injin ma naka ne?"

"Na maigidana ne."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Da ya buɗe baki ba da faɗa ya yi magana ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ban ji wani mugun abu a kanka ba. Amma ka ga shekarun da muke ciki. Na ga masu shanu ɗari sun koma roƙo. Yarinyar nan uwarta ta rasu ta bar min ita. Ba zan yi mata dole a kan kowa ba, amma kuma ba zan ɗauke ta da hannuna in ba wanda tuwonsa ke rataye a bakin alƙalami ba. Ranar da Bayarbenka ya naɗe kayansa ya koma gida, me za ku ci? Tashi ka je, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Yana fitowa wata tsohuwa ta leƙo ta ƙofar gefe ta yafito shi. Kaka Aisa ce, mahaifiyar Alhaji, wadda ta raini Suwaibatu.

"Kai ne mijin nawa mai rubutu? Zo in gan ka. Kai, ashe ramamme ne!"

Suwaibatu tana bayanta, idanunta jawur. Ta ji duk abin da aka faɗa.

"Ɗalibina," ta ce, "kada ka karaya."

"Gaskiya ya faɗa, Malamata. Ba ni da komai."

"Ban tambaye ka abin da kake da shi ba."

Kaka ta tura masa ƙwaryar fura. "Sha ka tafi, kada mota ta bar ka. Rabe ɗana ne, na san inda yake da tauri, na san inda yake da laushi. Ku ba ni lokaci."

Sati guda bayan nan Dunoma ya kawo wasiƙa, amma wannan karon bai yi dariya ba.

"Sabitu nawa,
Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan ƙara rubuto maka ba sai ya sauko. Ya kuma gargaɗi Dunoma. Wannan ita ce ta ƙarshe da ya yarje min. Ina nan inda ka bar ni. Duk abin da ka ji, kada ka yarda sai ka ji daga bakina.
Taka, Suwaibatu."

Wata uku suka wuce shiru. Sabitu ya rage magana, ya rage cin abinci. Idan motar Dunoma ta tsaya a tasha yakan fito ƙofa ya tsaya, Dunoma ya ɗaga masa hannu daga nesa ya kawar da kai.

Ran nan da hantsi wata farar Fijo ta tsaya a ƙofar maɗaba'a. Wani saurayi ya fito cikin shadda mai maiƙo, turarensa ya riga shi shigowa.

"Ina Sabitu mai rubutu?"

"Ga ni."

"Sunana Bilya, daga Gashuwa. An ce daga nan har Kano babu mai hannunka. Katin aurena nake so, guda ɗari biyar. Sunan amarya nake so ya fi komai kyau."

Ya ajiye takarda a kan tebur. Sabitu ya ɗauka. Iyalan Alhaji Rabe Mai Tattasai, Gashuwa. Ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Bilyaminu da Suwaibatu.

Ya karanta ya sake karantawa. Haruffan suka riƙa iyo a idonsa. Ga sunan mahaifinta, ga rana, ga wuri, ga ƙofar gidan da aka sallame shi. Wa zai sa sunan dattijo kamar Alhaji Rabe a kati in ba da yardarsa ba?

"Akwai matsala ne?" Bilya ya tambaya yana murmushi.

"Babu."

Da Fijo ta tafi, Oga Tayo ya zo ya dafa kafaɗarsa. Ya san komai, shi ya saba ba shi ambulan ɗin da yake aika mata wasiƙu.

"Sabitu, wannan aiki ba dole ba ne. Ni zan mayar masa. Ya je Kano a yi masa."

"Bar shi, Oga. In ban rubuta ba wani zai rubuta, ya ɓata mata suna. Gara ni."

Kwana uku ya yi a kan teburin. Oga Tayo ya buga rubutun, shi kuma ya bi kowane kati ya sa ƙugiyoyi, sannan ya zana sunayen da ruwan zinari. Sunan Bilya ya yi shi daidai, ba ragi ba ƙari. Amma idan ya zo kan nata sai hannunsa ya ƙi yi masa biyayya. Ya so ya yi shi a gurguje ya huta, ya kasa. Kowane ɗaya sai ya fi na baya kyau. Sau ɗari biyar ya rubuta Suwaibatu, sau ɗari biyar ya ajiye ta kusa da sunan wani. Wasu katunan sai da aka sake su, don hawaye ya ɗiga tawadar ta baje.

Bayan kwana shida Dunoma ya shigo da sauri, ya ajiye ambulan ya fita bai ko gaisa ba. A ciki akwai kati ɗaya daga cikin waɗanda ya rubuta. A bayansa, da jan biron da take gyara littattafan ɗalibai, an rubuta:

"Na karya alkawarin Baba don in faɗa maka wannan kawai. Ban taɓa ganin ka rubuta sunana da kyau haka ba. Ashe sai ka haɗa shi da na wani hannunka yake sakewa. Na gode."

Bai gane komai a ciki ba sai cewa ta tafi, kuma ta tafi da fushinsa.

Washegari Oga Tayo ya tafi karɓo takarda a tashar jirgi, ya bar masa inji. Injin irin mai buɗe baki yana rufewa ne, ana sa takarda a zare hannu kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sabitu ya yi wannan aikin sau dubbai. Amma ran nan idonsa na kan takarda, zuciyarsa na Gashuwa. Wani kati ya karkace, ya miƙa hannu ya gyara.

Maƙwabta ne suka ji ƙararsa.

A asibiti aka cire masa yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Babban yatsan ya tsira, amma ya sandare. Da ya farfaɗo ya ga ƙunshin bandeji, bai yi kuka ba. Ya juya fuskarsa bango kawai. Oga Tayo kuwa, dattijo mai furfura, shi ya zauna bakin gado yana sharɓar hawaye yana cewa, "Ni na bar maka inji. Ni ne."

Sati uku bayan nan Sabitu ya koma lungunsa, ba don aiki ba, don zaman ɗaki ya ishe shi. Yana zaune yana kallon alƙalumansa sai ya ji murya a ƙofa kamar aradu.

"Ina wanda ya buga sunana a takarda ba da izinina ba?"

Alhaji Rabe ne, riƙe da kati. Oga Tayo ya tare shi yana ba shi haƙuri, ya ce ango da kansa ya kawo aikin.

"Wane ango? Yaron nan Bilya ɗan abokina ne. Ya nemi yarinyar, na ce a tambaye ta, ta ce ba ta so, na ce to a dakata. Sai kawai na shiga kasuwa ana ta yi min Allah ya sanya alheri! Ya raba kati gari duka, wai in na ga abin ya bazu kunya za ta sa in ba shi. Ni zai ɗaure da takarda? Na kore shi, shi da ubansa mun raba gari. Saura ku!"

Sabitu ya miƙe tsaye.

"Alhaji... ba a sa rana ba?"

Sai a lokacin Alhaji ya gan shi. Ya gane fuskar. Idonsa ya sauka kan hannun da ke rataye a wuya.

"Kai ne? Me ya same ka?"

Oga Tayo ya ba shi labari tun daga zuwan Fijo. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga katin ya dubi zinarin da ke walƙiya a jiki.

"Kai ka rubuta wannan da hannunka? Kana son ta, aka ce maka wani za ta aura, ka zauna ka ƙawata shi haka? Don me?"

"Sunanta ne, Alhaji. Ban iya rubuta shi da muni ba."

Alhaji ya sauke hannunsa. Ya ninke katin ya sa a aljihu.

"Allah ya ba ka lafiya," ya ce, ya fita a hankali, ba kamar yadda ya shigo ba.

Bayan kwana biyu da azahar motar Dunoma ta tsaya a ƙofar maɗaba'a, abin da ba ta taɓa yi ba. Aka sauko da Kaka Aisa daga gidan gaba, Suwaibatu na riƙe da ita. Suwaibatu ta rame har mayafin ya yi mata yawa.

Ta tsaya a gaban teburinsa, a daidai inda ta taɓa tsayawa. Ta dubi hannun, ta toshe bakinta da mayafi.

"Takardata ce ta jawo," ta ce. "Ni na yi maka wannan."

"Ba ke ba ce. Ni ne ban riƙe maganarki ba. Kin ce kada in yarda sai na ji daga bakinki."

"Da na ga katin, na ga hannunka, sai na ce ka gaji da jira ka sayar da ni da murna."

"Ni kuma na ce kin gaji kin amince."

Kaka ta samu benci ta zauna, ta juya musu baya tana hira da Oga Tayo da ƙarfi, kamar ba ta san da su ba.

Sabitu ya ɗago kai ya dube ta.

"Suwaibatu, ki saurare ni. Lokacin da Baba ya hana ni, hannu ne da ni. Shi kaɗai na mallaka, ga shi inji ya cinye. Ko cokali ban iya riƙewa da kyau. Ki koma gida. Ki samu wanda zai riƙe ki. Na yafe miki alkawari."

Ta goge idonta. Fuskar nan ta ranar farko ta dawo.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To ni ban yafe maka ba. Shekara guda kana rubuto min, kana zaton jelar haruffa nake karantawa? Da adon nake so da na sayi kalanda. Mutumin da ke cikin wasiƙar nake jira, shi kuma ban ji an ce inji ya taɓa shi ba."

Ta ɗauki alƙalami ta sa masa a hannun hagu, ta naɗe yatsunsa a kai da nata.

"Na koya wa yara sittin rubutu a aji ɗaya, wasu ko fensir ba su taɓa riƙewa ba. Kai ne za ka gagare ni? Rubuta alif."

Ya ja layi. Ya fito a karkace, yana rawa kamar na ɗan aji ɗaya. Ya dube shi, sai kukan da ya riƙe tun asibiti ya ƙwace masa. Ta bar shi ya yi, ba ta saki hannun ba.

Alhaji bai hana wasiƙa ba daga nan, amma bai ce komai a kan aure ba. Dunoma ya ce ya ji shi yana faɗa wa Kaka, "Yaron yana da amana, na gani. Amma da hannu biyu na hana shi, yanzu da ɗaya da rabi zan ba shi?"

Watanni suka yi ta tafiya. Kullum da safe Sabitu yakan cika takarda da hagu, ya aika Gashuwa, ta dawo da jan biro. "Uku bisa goma, amma na gane sunana." Daga baya, "Biyar. Ƙugiyarka ta fara tsayuwa." Hannun hagu bai taɓa kamo na dama ba. Katin da yake gamawa cikin minti ɗaya a da, yanzu sai ya yi biyar. Wasu masu biki suka koma Kano. Wasu kuma suka dawo, suka ce rubutun ya canza amma har yanzu babu irinsa a yankin.

Farkon daminar 1986 Dunoma ya zo da saƙon baki: Kaka Aisa ba ta da lafiya, ta ce a zo da shi.

Ya same ta kwance a ɗakinta, ta zama kamar tsinke. Suwaibatu na yi mata fifita, Alhaji na zaune a bakin ƙofa.

"Mijina ya iso?" ta ce da ƙyar. "Matso. Rabe, kai ma matso."

Suka matso.

"Rabe, tun da na haife ka ban taɓa roƙonka komai ba. Lokacin da ubanka ya zo daga Kano neman aurena, jaki ɗaya gare shi, shi ma na aro. Ubana bai ƙirga abin hannunsa ba, halinsa ya duba. Kai kana zaune kana ƙirga yatsun yaro, yarinya tana ƙarewa a gabanka. Ni tafiya zan yi. In na haɗu da uwarta me zan ce mata?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya juyo.

"Sabitu, kana da magabata?"

"Akwai kawuna a Haɗeja, Alhaji."

"Ka turo shi."

Kaka ba ta ga auren ba. Kwana tara bayan nan ta rasu, ranar da aka yi ruwan da ya cika kogi har ya taɓa gonakin shinkafa. Suwaibatu ta rubuto masa layi biyu kacal: "Ɗalibina, uwata ta biyu ta tafi. Yanzu kai kaɗai ne ka san yadda ake lallashina."

Bayan sadakar arba'in aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Rabe. Saboda makoki ba a yi kiɗa ba, ba a yi taron mata ba, goro kawai aka raba. Kawun Sabitu ya zo daga Haɗeja, Oga Tayo ya zo cikin agbada, babbar rigarsu ta Yarbawa, ya zauna a gefe, Dunoma ya kwaso mutanen Nguru a motarsa. Sama ta yi duhu da hadari, ana ta sauri kada ruwa ya sauko.

Da aka shafa fatiha mutane suka taso gaisawa da ango. Sabitu ya ja baya. Tun da abin ya faru bai taɓa miƙa wa kowa hannun a bainar jama'a ba. Ya cusa shi cikin aljihun rigarsa, ya riƙa dafa ƙirji da hagu yana sunkuyawa.

Alhaji Rabe ya keto taron ya tsaya a gabansa. Ya miƙo hannunsa na dama, ya bar shi a miƙe. Sabitu ya yi jinkiri. Sai Alhaji ya kama hannun rigarsa, ya zaro hannun daga aljihu da kansa, ya riƙe shi da hannuwansa biyu a gaban kowa, da guntayen yatsun da tabon ɗinkin.

"Kada ka ƙara ɓoye shi," ya ce. "A kan 'yata ka rasa su. Na ba ka ita, ka riƙe min da abin da ya saura. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya jiƙan waɗanda ba su ga wannan rana ba."

Jama'a suka amsa da amin. Daga cikin gida, ta bayan labulen zaure, Sabitu ya jiyo wata murya da ya sani tana maimaitawa cikin kuka, amin, amin. Sannan ruwa ya sauko.